Neman kalmar Hausa: me za mu kira "panfish" da "bream"?

Mai buɗe zance, daga Rayfield:
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu masunta. Ina shirya bayani da Hausa domin matasan da ke zuwa fatsa a tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru, kan yadda ake gano maɓoyar kifi a tafkin da mutum bai saba da shi ba idan ruwa ya ɗauki zafi. Yawancin bayanan daga masu fatsar Amurka suka fito, kuma kalmomi biyu sun hana ni ci gaba. Ta farko ita ce "panfish", wadda ba sunan kifi ɗaya ba ce, suna ne da ya tattara kifayen tafki waɗanda ko sun gama girma ba su fin ƙarfin kaskon suya. Ta biyu ita ce "bream", kuma ita ce mai rikitarwa. A kudancin Amurka, inda suke furta ta "birim", suna nufin wasu kifaye masu faɗin jiki na dangin Centrarchidae, waɗanda asalinsu Arewacin Amurka ne. A Ingila kuwa wani kifi ne dabam, ɗan uwan kifin kaf (carp) da aka san gonar kifi ta Panyam da kiwonsa, sannan a Zambiya da Zimbabuwe, a bakin tafkin Kariba, karfasarmu ce suke kira da wannan suna. Ina roƙon shawararku.

Malamin Hausa, daga Unguwar Rogo:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni dai a kan ta farko zan yi magana. Kada a ce "ƙananan kifaye", domin mai kiwon kifi zai ɗauka 'ya'yan kifi ake nufi, waɗanda ake saya a zuba a kududdufi, alhali waɗannan manya ne a jinsinsu. "Kifin suya" ma bai isa ba, tunda tarwaɗa da giwan ruwa duk ana soya su bayan an yanyanka. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne ana sa su cikin mai ɗungurungum, daga kai har wutsiya. Saboda haka ina ganin "kifin kasko" ya dace, kuma ginin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, wanda ya saba raɗa wa abu suna da aikin da zai yi, kamar shinkafar tuwo da ragon layya.

Dattijo masunci, ɗansa ne ya rubuta masa:
Baba yana gaishe ku. Ya ce da aka nuna masa hoton birim na Amurka a waya, nan take ya ce karfasa ce, don haka bai ga dalilin neman wani suna ba. Ya ce har halinsu ɗaya ne, domin karfasa ma tana share rairayi ta yi ɗan rami zagayayye a wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, kuma wanda ya iso baƙon ruwa, waɗannan ramukan zai fara nema da ido kafin ya jefa ƙugiya. Game da girma, ya ce su a bakin ruwa "tafin hannu" suke cewa, amma bai ƙi kifin kasko ba.

Wadda ta karanta kimiyyar kifi, daga Tudun Wada:
Ina gaida Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da idonsa ya gani gaskiya ne, siffar ta yi kama ƙwarai, kuma maganar ramukan haka take. Sai dai ina roƙon kada a rubuta "karfasa" ita kaɗai, domin karfasa 'yar dangin Cichlidae ce, kuma bambancin yana shafar mai fatsa kai tsaye. A wajen karfasar Nilu, namiji ne ke haƙa ramin, amma da zarar an yi ƙwai sai macen ta kwashe su a bakinta ta bar wurin. Shi kuwa birim na Amurka, mazan suna haƙa ramuka masu yawa jere da juna idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 21, kuma kowane namiji yana tsayawa gadin nasa ramin har ƙwai su ƙyanƙyashe, yana kai wa duk abin da ya matso cafka. Wannan ne ya sa Amurkawa suke cewa wanda ya gano wurin ramukan ya gama aikin yini. Abincinsu ma ba ɗaya ba ne. Karfasar Nilu ta fi dogara ga gansakuka da tsirran ruwa, shi kuwa ƙwari ne abincinsa, shi ya sa ake ɗana masa gyare da tana, akwai ma wani nau'insa mai jan layi a bakin murfin gefen kai wanda dodon koɗi yake fasawa ya ci. Matashin da ya karanta "karfasa" zai ɗauki dukkan dabarun nan ya kai tafkin Bukuru, ya ga wasu ba su ci ba, ya ce ƙarya aka rubuta masa.

Mai buɗe zance:
Na gode wa kowa, musamman Baba da Malama, domin maganganunsu biyu ne suka haɗu suka ba ni mafita. Mu mutanen Filato mun fi kowa sanin dankalin Turawa da ake nomawa a Bokkos da Mangu. Ba danginsu ɗaya da dankalin Hausa ba, amma kakanninmu sun ari sunan abin da suka sani, suka ƙara masa kalmar da ke nuna baƙo ne, kuma babu mai sayen wannan a madadin wancan a kasuwa. A kan wannan hanya nake ba da shawarar "karfasar Amurka": kalmar farko ta riƙe abin da idon Baba ya gani, ta biyu ta riƙe gargaɗin Malama. Na Ingila sai a ce "birim na Turai", na Kariba kuwa karfasa ce kawai.

Akwai abu guda da na gyara da kaina. Ban fassara kalmar "summer", wato lokacin zafin Amurkawa, da "bazara" ba, domin zafinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da mu a Jos muke tsakiyar damina, ruwa ya yi sanyi ya gurɓace. Na rubuta "lokacin zafi", wanda a nan ya fi dacewa da Maris da Afrilu. Ga yadda sakin layi na farko ya fito, ku duba ko ya zauna:

"Idan ka isa tafkin da ba ka sani ba a lokacin zafi, fara neman kifin kasko da sassafe ko da yamma a bakin ciyawar ruwa, da ƙarƙashin itatuwan da suka faɗa ciki, da duk inda inuwa ta sauka. Idan rana ta take, manyan karfasar Amurka sukan koma wurin da ya fi zurfi, amma ba can ƙasa ba, domin ruwan ƙasa mai sanyi yakan rasa iskar da kifi ke shaƙa. A tafkunan kuza ka yi fatsarka daga tudu, kada ka shiga da ƙafa, saboda gaɓarsu takan yanke farat ɗaya zuwa zurfi."

Malamin Hausa:
Ya zauna, Malam. Abu ɗaya zan ƙara: jam'in ya zama "kifayen kasko", kuma a ambaton farko a bayyana cewa girman tafin hannu ake nufi, kamar yadda Baba ya ce ana faɗa a bakin ruwa.