Wata takwas ina bitar jita, amma mod bakwai ɗin nan duk iri ɗaya nake jin su

Tela mai jita:

Assalamu alaikum makaɗa, manya da ƙanana. Shawara nake nema. Wata takwas ke nan da na sayi jita ta hannu, irin ta katako wadda ba a jona wa wuta. Ɗinki ne sana'ata, don haka sai bayan isha'i nake samun kaina, minti arba'in zuwa awa ɗaya kafin barci ya ci ƙarfina. Kod ɗin farko, wato sautukan da ake haɗawa a buga lokaci ɗaya, sun zauna a hannuna, C da G da D da Am da Em, ina canza su ba tare da na duba yatsu ba.

Damuwar ta faro ne da na shiga sikel, wato jerin sautuka irin do-re-mi. Na haddace manja a wurare biyar na wuyan jita, sannan na bi wani darasi a YouTube na haddace mod bakwai, wato nau'o'in sikel: Ayoniyan, Doriyan, Firijiyan, Lidiyan, Miksolidiyan, Eyoliyan da Lokiriyan. Kullum dare ina hawa ina sauka. To amma wallahi in na rufe ido ba na bambance Doriyan da Lidiyan, duk do-re-mi nake ji an faro daga tsakiya. Shekaranjiya wani abokina ya riƙa buga Am da D ya ce in zuba wani abu a kai, na rasa ta inda zan kama. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Yaya zan raba ɗan lokacin nan nawa? In ajiye mod ne tukuna? Sannan ƙaramin yatsana yana ciwo bayan kamar minti goma, shin haka yake ga kowa?

Baba mai bes:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Kunnenka gaskiya ya faɗa maka. In ka ɗauki sikel ɗin C manja ka faro daga D ka ƙare a D, littafi zai ce ka buga Doriyan, amma sauti bakwai ɗin nan su ne dai na C. Tunda babu abin da ke riƙe D a ƙasa, kunne sai ya koma C, can ya sani a matsayin gida. Ka haddace hanyoyi bakwai ne waɗanda duk gida ɗaya suke kai ka. Na fi shekara talatin ina kiɗa a coci, kuma yawancin yaran da suka zo hannuna a nan suke maƙalewa.

Ga abin da nake sa su yi. Tsirkiya ta shida, mai kaurin nan, E ce. Ta farko, siririyar, ita ma E ce. Ka bugi mai kaurin a sake, kada ka danna komai, ka bar ta tana gurnani. Sai ka yi tafiya a kan siririyar kaɗai, kana danna waɗannan gaɓoɓi na wuyan jita (0 na nufin a sake): 0, 2, 4, 5, 7, 9, 11, 12. Wannan shi ne manja, wato Ayoniyan. Ka yi ta a hankali, duk sauti biyu ko uku ka sake bugun mai kaurin. In kunnenka ya ƙoshi, sai ka canza abu ɗaya tak: maimakon 11 ka danna 10. Ka shiga Miksolidiyan ke nan, kuma nan take za ka ji launin ya sauya. Daga nan ka mai da 4 ta zama 3, ka sami Doriyan. Ka mai da 9 ta zama 8, Eyoliyan, wadda muke ce wa maina. Ka mai da 2 ta zama 1, Firijiyan, za ka ji wani duhu-duhu ya sauko. Lidiyan kuwa sai ka koma manja ka ɗaga 5 ta zama 6.

Ka lura gidan bai motsa ba, E ce tun farko har ƙarshe, sauti ɗaya kawai kake sauyawa a kowane mataki. Kada ka yi su duka a dare ɗaya. Ka ba manja da Miksolidiyan mako guda cur, kana jujjuya 11 da 10 har sai in wani ya buga maka daga bayan ƙofa ka faɗi wacce ce. Lokiriyan ka manta da ita yanzu, ba kasafai za ka buƙace ta ba. Kuma ka riƙa rera abin da kake bugawa da bakinka, ko da ƙasa-ƙasa ne saboda masu barci. Abin da baki ya iya rerawa, yatsa ba ya ɓacewa a kansa.

Malama mai koyar da kiɗa:

Baba ya gama magana a kan kunne, bari in taɓa rabon lokaci. Ƙanena, minti arba'in kullum sun fi awa huɗu ranar Lahadi kaɗai, don haka kada ka raina abin da kake da shi. Da ni ce kai, minti biyar na farko saita jita ne da ɗumama yatsu: 1-2-3-4 a kowace tsirkiya, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya, amma ka faro daga gaɓa ta 5 ko ta 7 inda tazarar ta fi ƙanƙanta. Minti goma na gaba sikel ɗaya a wuri ɗaya tare da metironom, abin da ke buga maka lokaci daidai, akwai shi kyauta a waya. Ka sa shi a 60, sauti biyu a kowane bugu, fik, abin kaɗa tsirkiya, ƙasa sama ƙasa sama. Sai ka buga sau uku a jere babu kuskure kafin ka ƙara 4 ko 5. Kuma ka daina hawa da sauka a miƙe, waƙa ba ta tafiya haka. Ka riƙa tsallake: do-mi, re-fa, mi-so. Sauran lokacin, minti goma ga darasin Baba, minti goma sha biyar ka yi kiɗa na gaske a kan kod da ka ɗauka a wayarka.

Batun ciwo kuwa iri biyu ne. Zafin fatar kan yatsa ba komai ba ne, kanta ce take fitowa. Amma in a gaɓar yatsa ne ko a wuyan hannu, ka tsaya nan take ka huta. Galibi matsewa ce ta yi yawa. Ka gwada wannan: ɗora yatsa daf da bayan ƙarfen gaɓar, ka riƙa sassautawa har sautin ya fara zizar ƙudan zuma, sai ka ƙara ɗan ƙarfi kaɗan. Iyakar abin da ake buƙata ke nan. Kai da ka wuni riƙe da almakashi, hannunka ya riga ya gaji kafin ka ɗauki jita, sai ka lallaɓa shi. In ciwon ya ƙi tafiya ko ka fara jin yatsan yana mutuwa, ka je asibiti.

Ɗan Damagaram:

Malama, ki yi haƙuri, ni a ganina an yi wa yaron nan nisa. Ɗan'uwa, kafin bakwai akwai biyar. Ka saurari garaya ko gurmi ko molo, yawancin abin da muka tashi muna ji a kan sauti biyar yake tafiya, kuma shi ne fentatonik ɗin da ake faɗa. Yana cikin kunnenka tun kana goye. A gaɓa ta 5 yake ga A maina: tsirkiya ta shida 5 da 8, uku na tsakiya 5 da 7, biyu na ƙasa 5 da 8. Sautukan su ne A, C, D, E, G. Da abokinka ya buga Am da D, da wannan kaɗai ka kama da ka fita kunya.

Ka nemi kiɗan Bombino na Agadas, ko Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke, ko marigayi Ali Farka Touré na Mali. Ka kasa kunne, za ka ji tsirkiya ɗaya tana ta gurnani a ƙasa yatsu suna yawo a sama, wato abin da Baba ya kwatanta maka. Sau da yawa kod ɗaya ake zaune a kai tsawon waƙa, daɗin yana cikin yadda ake buga yatsa a kan tsirkiya a fizge shi. Mu nan ba da metironom muka koya ba, da tafi muka koya. Shawarata, kullum ka ɗauki ɗan guntun kiɗa na daƙiƙa biyar, ka yi ta maimaita shi a waya har ka ciro shi da kunne.

Malama mai koyar da kiɗa:

Ban ƙi ta taka ba, fentatonik ya kamata ya riga mod, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma ku kuna da masu tafi a gefe, shi kuwa shi kaɗai ne a ɗaki da dare. Metironom ɗin shi ne mai tafinsa. In ba haka ba zai riƙa gudu a inda ya iya, ya ja ƙafa a inda bai iya ba, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya zauna da mai ganga.

Mai gyaran jita:

A duba jitar ma. Ka ce ta hannu ce. Ka kalli tazarar tsirkiya da ƙarfe a gaɓa ta 12, in ta wuce kamar milimita 3 to ta yi tsayi, dole yatsa ya sha wuya. Hunturu yana busar da katako, zafi yana lanƙwasa wuya, kada ka jingine ta inda rana ke bugu. Ka sa sababbin tsirkiyoyi masu laushi, lamba 10 ko 11.

Baba mai bes:

Ɗan Damagaram ya kawo gadar da na manta. Ɗana, biyar ɗin nan da ya ba ka, sauti biyu kawai za ka ƙara su zama bakwai. A tsirkiya ta farko ka ƙara gaɓa ta 7, B ke nan. A ta biyu, in ka ƙara gaɓa ta 7, wato F#, ka sami A Doriyan, in kuma ta 6 ka ƙara, wato F, ka sami Eyoliyan. Kod ɗin D da abokinka ya buga yana ɗauke da F# a cikinsa, don haka Doriyan yake kira. Ka ɗauki Am da D a waya na minti uku, ka yi yawo a cikin biyar ɗinka, duk sanda D ta shigo ka sauka a kan 7 ɗin tsirkiya ta biyu ka daɗe. Washegari ka ɗauki Am da F, ka sauka a kan 6.

Tela mai jita:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba da Malama da sauran 'yan'uwa. Na bari sai da na gwada kwana uku kafin in dawo. Daren farko na zauna a kan 11 da 10 kusan minti ashirin, kuma a karon farko na ji bambancin da kunnena. Jiya na ɗauki Am da D, da na sauka a kan 7 sai da tsigar jikina ta tashi. Na auna tsayin tsirkiya da tef ɗin ɗinki, ya kusa milimita 5, ranar Asabar zan kai ta gyara. Metironom kam har yanzu ina riga shi a tsallaken do-mi, na mai da shi 50. Malama, in zauna a nan har ya daidaita, ko in koma sauti ɗaya a kowane bugu?