Shawarwarin da aka bayar kan kare ƙaramar gadar rafi daga ambaliya

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan ƙaramar gadar da ke hanyar gona, wadda ruwan Agusta ke barazanar tafiya da ita.

1. Kusan kowa ya yarda cewa babbar matsalar ita ce zaizayar ƙasa a gindin gadar. Za ka ga siminti lafiya lau a sama, alhali ruwa ya riga ya rarake ƙarƙashinsa. Maganin da aka fi ambata shi ne jera manyan duwatsu a mashiga da mafitar ruwa, a ɗaure su cikin ragar waya. Mafitar ta fi buƙata, domin nan ruwa ke faɗowa da ƙarfi.

2. A yashe kwalbati kafin damina ta sauka. Karan dawa, leda da rassan itace ne ke toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya fasa gefe.

3. A dasa ciyawar jema a gaɓar rafin, saiwarta na nutsewa har mita 3.

4. A nan aka rabu biyu. Wasu sun ce a ɗaga gadar, a faɗaɗa bakinta. Wasu kuma suka ce kuɗin ya fi ƙarfin manomi, gara a bar ta ƙasa, a zuba mata kankare mai kauri ruwa ya riƙa bi ta kai. Ni dai na fi karkata ga na biyun, muddin rafin na janyewa da wuri.

5. Buhunan yashi na gaggawa ne kawai, rana na cinye su.

6. Babu wanda ya yi musu a kan wannan: idan ruwa ya shafe gadar, kada yara, dabbobi ko mai babur su ƙetara sai ya sauka an duba gindinta.