Ina neman shawara kan katin CSCS na aikin haƙa tushe a Ingila

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina aikin gini a Manchester, haƙa tushe, shimfiɗa bututun magudanar ruwa da jera dutsen bakin titi. Koren katin CSCS (katin shaidar cancantar ma'aikatan gini a Birtaniya) nake riƙe da shi, na lebura, bayan na ci jarrabawar kiyaye lafiya ta CITB (hukumar horar da ma'aikatan gini), wadda ake yin tambaya 50 cikin minti 45.

Yanzu shuɗin kati na ƙwararrun ma'aikata nake so, don kuɗin sa'a ya ƙaru, amma sai da NVQ (takardar shaidar ƙwarewa a sana'a) mataki na 2. Nan na maƙale. Dole mai tantancewa ya zo ya gan ni a bakin aiki, ni kuwa ta hannun ejan nake samun aiki, wannan mako nan, wani mako can. Sau biyu muna sa rana, ana ɗauke ni daga wurin. Fomanmu ya ce zai sa hannu a takardun shaida, har yau shiru.

Shin hotuna da bidiyon da na ɗauka a wurare daban-daban za su wadatar? Kuma jan katin nan na wucin gadi na shekara ɗaya, da ake bai wa gogaggen ma'aikaci da ya yi rajistar NVQ, in na karɓa ya ƙare ban gama ba, ya zan yi, tunda ba a sabunta shi? Don Allah wanda ya bi ta nan ya taimaka.