Kumburin ciki da zazzaɓi, kwana huɗu babu bahaya, ku ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ƙanina ne, shekararsa 17, yau kwana tara kenan yana zazzaɓi, da rana ya ɗan ji dama-dama da yamma kuma jikin ya ɗau zafi kamar garwashi. Mun je kemis an ba shi maganin maleriya ya shanye babu sauƙi, yanzu kuma kwana huɗu bai yi bahaya ba cikin ya kumbura tim, abinci ko loma biyu baya iya ci. Hajiyarmu ta ce basir ne, ta jiƙa masa sassaƙe tun jiya yake sha. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi. Mu ƙara jira ne ko mu tafi asibiti?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ku jira. Irin haka ta faru da ɗana, muna ta cewa basir ne basir ne ashe taifod ce, a sati na uku ta huda masa hanji, cikin dare cikin ya ƙame kamar katako ko zani ka ɗora masa sai ya yi ihu, sai da aka yi masa tiyata muka yi wata guda a asibiti. Har yau in na tuna da wannan daren jikina rawa yake.

Sista Hauwa:
Sannu Maman Ilham, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Taurin bahaya shi kaɗai ba kasafai yake kawo zazzaɓi ba, in sun haɗu da kumburin ciki to akwai abin da ya kamata a nemo. Taifod tana yin haka, mutane sun ɗauka gudawa kawai take sawa alhali tana hana bahaya ma. Afendis ma haka, shi ciwon yakan fara daga wajen cibiya sannan ya koma ƙasan ciki ta dama. Akwai kuma toshewar hanji, musamman ga mai ƙaba in ta maƙale.

Ki tambaye shi yanzu, kar ki ji nauyi: yana fitar da iska? In ko tusa ba ta fita, ko yana amai kore, ko cikin ya yi tauri yana zafi in an taɓa, wannan na gaggawa ne ko ƙarfe biyun dare ne. A daina ba shi jiƙon nan, kar a ba shi maganin sa gudawa, kar a ba shi diclofenac ko ibuprofen. Kuma dan Allah kar ku tsaya ga gwajin Widal kaɗai, yana yawan nuna taifod ga wanda ba shi da ita. Likita ya taɓa cikin da hannunsa tukuna, shi zai ce ko gwajin jini ko hoton ciki.

Abu Sadiq:
Ni in cikina ya cushe gwanda nake sha da miyar kuka da ruwa da yawa, washegari shikenan. Amma fa ni babu zazzaɓi. Ki duba ko yana shan tramadol ko kodin ko maganin ƙarin jini, duk suna ɗaure ciki, a faɗa wa likitan.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Sista, na tambaye shi, ya ce tun jiya da safe iska ba ta fita, kuma ɗazu ya yi amai. Na nuna wa Hajiya saƙonki ta amince, yayanmu ya tafi nemo adaidaita sahu yanzu. Ku sa mu a addu'a.