Kafin Ka Ba Sabuwar Fitowa Maki

Da masu bibiyar mujallun zanen jarumai suka tattauna yadda ake auna sabuwar fitowa, yawancinsu sun ce a karanta sau biyu. Karon farko don labari, na biyu don zane: yadda aka jera hotuna a shafi, da ko faɗan yana fahimtuwa ba sai ido ya koma baya ba.

A Amurka ranar Laraba Marvel da DC, manyan kamfanonin buga irin waɗannan mujallu, ke sakin sababbi, labarin kuma bai cika wuce shafi 20 da 'yan kai ba. Shi ya sa wasu suka ce kar a yi garaje: labari guda kan ci fitowa 5 ko 6, ta tsakiya kuwa sau da yawa shimfiɗa ce kawai. Wasu suka ce sam, wanda ya biya dala 4 ko 5 ya kamata ya ƙoshi nan take. Ni dai ina bayan waɗannan.

Bango kuwa kar ya ruɗe ka, sau da yawa wanda ya zana shi ba shi ya zana ciki ba. Ka raba makin marubuci da na mai zane, mai launi ma a ba shi haƙƙinsa. In za ka tona ƙarshen labari, yi gargaɗi tukuna.