Ina son in shiga fasahar haske, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa fitilun ɗakin taron biki a Kano. Tun da na ga hotunan aikin Olafur Eliasson, mai ƙirƙirar ayyukan kallo da haske, na 2003 a gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan, hankalina ya kasa kwanciya. Rabin da'ira ya rataya na fitilu masu ruwan ɗorawa, madubin da ke rufi ya cike ta ta zama rana, hazo ya lulluɓe zauren, mutane suna kwance a ƙasa suna kallo. Irin wannan nake son yi. In ajiye sana'ar in koma makaranta, ko in tara kuɗi in sayi manyan na'urori?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. James Turrell, Ba'amurken da ya yi fice a wannan fanni, ilimin yadda ido da ƙwaƙwalwa ke fahimtar abin da suka gani ya fara karanta. A 1966 ɗakunan wani tsohon otal ya samu a Kalifoniya, ya toshe tagogi, yana sakin haske kaɗan-kaɗan yana lura da yadda bango ke sauya kama. Kai ma nemi ɗaki guda, ka rufe shi ruf, ka yi ta gwaji da fitila ɗaya da madubi. Ka ɗauki hoton kowane gwaji, don da su za ka nemi gurbi ko tallafi. Sashen zane-zane na ABU Zariya yana nan in kana son karatun.

Injiniya: Ni ban goyi bayan ka bar biki ba ko kaɗan. Aikin nan cin kuɗi gare shi, kuma gidajen baje koli da masu ba da kwangila ne ke biya. Eliasson ma ba shi kaɗai yake aiki ba, ma'aikata yake da su a Berlin, har da masu zanen gini. Turrell kuwa tun 1977 ya mallaki ramin dutsen Roden Crater a Arizona domin ya mayar da shi aikin fasahar haske, har yau bai buɗe shi ga jama'a ba. Bikin nan shi ne jarinka. Kuma ka kula da wayoyi da zafin fitila, ɗaki mai duhu cike da mutane ba wurin ganganci ba ne.

Hajiya Babba: Ɗana, ka yi tunanin wuta. Nepa ba za ta riƙe maka aiki ba, ƙarar janareto kuma za ta kashe natsuwar da kake son mai kallo ya samu. Ka tsara abinka kan sola da batir tun farko. Shi kansa Eliasson a 2012 ya fito da ƙaramar fitilar sola, Little Sun, domin wuraren da ba lantarki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai shagon ajiya a bayan gidanmu, zan kwashe kayan ciki in toshe tagar a wannan makon. Injiniya, wane irin batir ya dace da fitilun LED na awa huɗu?