Abin da ƴan wasa suka ce kan sabunta gem ɗin labarin soyayya da sihiri

Mun ɗan tattauna da masu buga irin waɗannan gem ɗin da kake karanta labari kana zaɓen abin da jaruma za ta yi, ko ta bi yariman aljanu ko matsafin fada. Wajen sabuntawa aka fi kuka.

Masu Android suka ce kar ka kuskura ka goge tsohon kafin ka sa sabo, ɗora sabon APK ɗin, wato fayil ɗin da ake sa gem da shi a waya, a kai kawai, in ka goge to sabin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a labarin, na iya tafiya da shi. A kwamfuta in da Ren'Py, wata manhajar haɗa irin waɗannan gem, aka yi gem ɗin da sauƙi, a Windows gem ɗin na ajiye kwafin sabin a folda ta RenPy cikin AppData, foldar da manhajoji ke ajiye bayanansu, sabon ma zai gani. Amma wanda aka yi da manhajar Twine da ake bugawa a burauza kamar a shafin gem na itch.io, a cikin burauzar yake ajiya, ranar da ka share bayananta shi ke nan an koma babi na ɗaya, don haka in akwai maɓallin sauke sabin a fayil ka riƙa saukewa.

An yi gardama kan ko tsohon sabin zai yi aiki bayan sabon babi. Wasu sun ce yana yi, wasu kuma sun ce in marubuciyar gem ɗin ta canza makin soyayya, wato makin da kake tarawa wajen wanda kake nema, na babin baya sai ka ga wanda ka sha wahalar nema yana maka kallon baƙo. Ni dai ina tare da masu cewa a karanta bayanin sabuntawar tukuna, in ta ce a fara daga farko a fara, ai Ren'Py na da maɓallin tsallake abin da ka riga ka karanta.

Sannan ka yi sabin daban kafin kowane babban zaɓi, kuma kar ka nemi kowa da kowa a zagaye guda, sau da yawa babu wanda za ka samu.